WAIWAYE ADON TAFIYA: Labaran Da Muka Sha Daga 2001 Zuwa 2010

 Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, to yau waiwayen za mu yi. Ba tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe zan kawo miki ba, wannan malaman makaranta sun gama da shi. Namu na tsakar gida za mu taɓa, wato labaran nan da muka riƙa ji muna dafe ƙirji muna salati tsakanin 2001 da 2010, waɗanda yau in aka tuna da su sai a yi ta dariya har da hawaye. Wadda ta yi wayo a lokacin za ta tuna, wadda kuma take goye a baya sai ta tambayi yayarta.

Kafin mu yi nisa, bari mu tuna ta inda labari yake shigo mana. Maigida yana da rediyonsa, da asuba ya kama BBC, ya juya Jamus ko Muryar Amurka, da rana kuma a bar mana Rediyon Kano ko ta Kaduna mu sha zaɓe da gaishe-gaishe. A watan Disamba na 2003 aka buɗe Freedom a Kano, gari ya ɗauka. Amma duk tashoshin nan babu wadda ta kai tamu ƙarfi, wato gidan rediyon "An Ce". Ma'aikatanta su ne dillaliya da mai kitso da 'yar talla da almajirin gida, babban ofishinta kuwa gidan suna. Ba ta cin batir, ba ruwanta da ɗaukewar wuta, kuma labarin da ya fito daga Fagge da hantsi, kafin la'asar ya isa Gwale ya yi ƙiba har da tumbi.

Ina aji ɗaya na sakandare salula ta shigo ƙasar nan, a watan Agusta na 2001. Ta fara da Legas da Abuja kafin ta iso mana. Kafin zuwanta, layukan wayar girke da ke Nijeriya kaf ba su kai rabin miliyan ba, shi ya sa gidan da yake da tarho a unguwa ya zama kamar gidan mai unguwa. Da salula ta zo, layi kaɗai ba tare da kan waya ba sai mutum ya ajiye Naira 20,000 ko fiye, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha a lokacin Naira 5,500 ne. Kira kuwa Naira 50 minti ɗaya, ko da "salamu alaikum" kika ce layin ya yanke, an ci Naira 50 ɗinki. Sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan aka ɗan numfasa.

Ke dai bari 'yar uwa, an sha kallo. Saurayi mai Nokia 3310 ko muninsa ya kai na dodo, ranar da ya zo zance sai ƙannen budurwa sun leƙo soro. Shi kuma ba zai bar ta a aljihu ba, a hannu zai riƙe, ya yi ta duba lokaci a jikinta ga agogo ɗaure a hannunsa. Gaisuwar nan tamu mai tsawo, ina gajiya, ina yara, ina Baba, ya jikin Iya, duk salula ta yanke mata wutsiya. Sai ki ji dattijo yana ihu, "Lafiya lau! Kowa lafiya! Faɗi maganar, kuɗi na tafiya!" Daga nan aka ƙirƙiro filashin, ɗaya na nufin ina gaisuwa, biyu na nufin kira ni, uku kuwa ka san cefane ya ƙare. Wadda ba ta da waya sai ta aiki yaro wurin masu lema a bakin titi, ya kira ya dawo da rabin saƙon. Da aka kawo kiran dare kyauta kuma, daga tsakar dare zuwa gab da asuba, 'yammata da yawa sun ƙona kunun safe saboda gyangyaɗi.

Akwai ma kamfanin da ya zo mana da suna Econet, a 2004 ya koma Vmobile, a 2006 Celtel, a 2008 Zain, a 2010 Airtel. Suna biyar cikin shekara tara, kakata ta ce ko bazawarar da ta fi kowa farin jini a unguwarmu ba ta yi wannan yawon ba. NEPA ma a 2005 an raɗa mata sabon suna PHCN, amma har yau in wuta ta dawo, tsohon sunan yara suke kira da ihu.

To ana cikin wannan marmari, sai ga labarin lambar mutuwa a watan Yuli na 2004. An ce akwai wasu lambobi, in suka kira ka ka ɗauka, nan take jini zai ɓalle maka ta hanci da baki, sai gawa. An ce ya faru a Legas, an ce wani direba ya gani da idonsa, an ce ƙanin mijin wata ne ya ɗauki gawar. Mutane suka rubuta lambobin a takarda suka liƙa a bayan waya. Har sai da kamfanin Vmobile ya fito ya yi sanarwa cewa maganar ba ta da tushe, babu yadda za a yi kira ya kashe mutum. Wa ya saurare su? Gwaggona naɗe wayarta ta yi a tsumma ta jefa cikin kwalla ta rufe, in ta yi ƙara sai ta ja jikokinta su koma ɗaya ɗakin. Wani maƙwabcinmu da ya yi tafiya Onica ya kwana uku yana kiran gidansa daga wurin masu lema, matan nan biyu da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai a karon farko, kowace ta ce wallahi ba ita za ta ɗauka ba, sai dai 'yar uwarta. Waɗanda suka fi kowa cin ribar abin su ne masu bashi a kansu, faɗuwa ta zo daidai da zama, in mai kuɗi ya tare su sai su ce ai ba a ɗaukar baƙuwar lamba yanzu. Har abin ya lafa ba a nuna kabarin mutum ɗaya da waya ta kashe ba. Duk da haka a 2011 labarin ya sake dawowa da sabuwar lamba, sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata.

Shekarar 2005 ta zo mana da abu biyu. Na farko, a Kano aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, 'yan Hisba suka tsaya a kan titi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau kuma ta kawo babura masu ƙafa uku don mata. Sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin aka rubuta a jikinsu, wato A Daidaita Sahu. An yi ta raha a lokacin cewa duk matar da aka tare a kan acaɓa, nan take ɗan acaɓan ya zama ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, ko da shi Babarbare ne ita Bazazzagiya. Baburan ba su wadata ba, mace ta yi kwalliyar biki ta tsaya a rana har hodar ta narke. Yau ga shi gwamnatoci sun zo sun wuce, acaɓan ma an hana shi ɗaukar fasinja a birnin Kano tun watan Janairu na 2013, amma sunan nan ya liƙe wa babur ɗin. Yarinyar yanzu in kin ce mata A Daidaita Sahu asalinsa sunan shirin gyaran hali ne, sai ta zaci zolayarta kike.

Na biyu, a watan Oktoba aka fito da takardar Naira 1,000. Ranar da ta fara shiga gidanmu, hannu-hannu aka yi ta karɓa ana ɗaga ta sama ana kallo. Mai kanti in ka miƙa masa sai ya ce ka tafi da kayan ka kawo kuɗin gobe, shi ba shi da canjin wannan uwar kuɗi. Allah Sarki dubu ɗaya, yau ko kwanon shinkafa ba ta isa ta kalla ba.

Amma in ana maganar shekarar da labari ya yi mana rubdugu, to 2006 ce. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ba a jima ba ta ɓulla a gonakin Kano. Ma'aikata sanye da fararen kaya har fuska suka riƙa kashe kaji dubbai ana binnewa, gwamnati ta sa diyyar Naira 250 kan kowace kaza. Nan fa gidan rediyon An Ce ya buɗe. An ce ko ƙwai ka taɓa ka tafi, an ce in zakara ya yi atishawa a gidanku a kira liman. Masu hali suka daina cin kaza, farashi ya faɗi warwas. Talaka kuwa da rabonsa da kaza tun haihuwar matarsa, ya ce in dai a cikin cinyar kaza mutuwar take, to a bar shi da ita su daidaita. Gidaje da yawa a watan nan ne yara suka san kaza tana da wani sashe banda ƙafa da wuya. Cutar dai gaskiya ce, don a watan Janairu na 2007 ta kashe wata matashiya a Legas, kuma mata masu kiwo da yawa jarinsu ya karye. Sai dai abin da likitoci suka ce a yi bai wuce a guji taɓa matacciyar kaza ba, a wanke hannu, a dafa nama ya dahu sosai.

Ba a gama da kaji ba sai ga ƙidaya, ranar 21 ga Maris. Aka ce kowa ya zauna a gida kwana biyar, daga baya aka ƙara biyu. Magidantan da ba su taɓa wuni a gida ba suka ga yadda ake wanke-wanke da raba faɗan yara, wasu a kwana na biyu suka fara leƙen ƙofa kamar kajin da aka kulle a akurki. Wahala kuwa malaman ƙidaya ne suka sha ta. Yaro ɗan bautar ƙasa ya zauna a soro da takardunsa, ya tambayi Iya sunan maigidanta, ta ce "Malam." Malam wa? Ta ja mayafi ta rufe baki. Sunan ɗanta na fari fa? Ta kalli gefe ta ce "wannan yaron." 'Ya'ya nawa gare ta? Ta ce ba a ƙirga 'ya'ya, na Allah ne. Shekarunta nawa? Ta ce ita dai ana rabon jar dawa tana goyon Sani. Haka aka lallaɓa aka shafa wa kowa tawada a babban yatsa. Da sakamako ya fito aka ce mu miliyan 140 ne, Kano ta haura miliyan 9 har ta ɗara Legas da kaɗan, mutanen Legas suka ce ba su yarda ba. Wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi.

Tawadar ba ta goge a yatsunmu ba, ranar Laraba 29 ga Maris da hantsi aka yi husufin rana. A Gusau da Katsina duhu ya rufe sosai na 'yan mintoci, mu a Kano gari ya yi wani irin dishi-dishi kamar magariba ta yi kuskuren lokaci. 'Yan kajin da suka tsira daga mura suka nufi akurki za su kwanta. Aka cika bahon wanki da ruwa ana leƙen rana a ciki, masu ciki kuma tsofaffi suka kulle su a ɗaki. To amma ki lura da wani abu 'yar uwa. Wannan karon ba a firgita ba, saboda tun saura makonni gidajen rediyo suke ta faɗin rana da lokacin da abin zai faru, suna gargaɗi kada a kalli rana da ido, malamai kuma suka yi bayani aka fita sallar husufi. Da labari na gaskiya ya riga isowa, sai An Ce ta rasa abin faɗi.

Sai 2007, shekarar kuɗi. A ƙarshen Fabrairu aka sake fasalin Naira 5 da 10 da 20 da 50, aka cire rubutun ajami aka sa boko, abin da ya ɓata wa tsofaffinmu rai, don da ajamin suke gane kuɗi. Murtala kuma, wato Naira 20, ta koma ta leda. An ce ba ta yagewa, ba ta jiƙewa, amma ba a gaya wa masu tuyar ƙosai cewa ba ta shiri da zafi ba. Wadda ta ajiye cinikinta kusa da murhu sai ta tarar Murtala ta ƙanƙance ta koma kamar ƙuli-ƙuli. Aka kuma dawo da sulalla na kwabo 50 da Naira 1 da Naira 2, waɗanda ko almajiri ka ba shi sai ya dube ka sau biyu.

A watan Agusta gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya sanar cewa daga Agustan 2008 za a cire sifili biyu daga Naira, Naira 100 ta koma Naira 1. Ranar uwar adashin unguwarmu ba ta yi barci ba. Wadda ta zuba dubu goma, ɗari za a ba ta? Amaren da aka biya sadakinsu Naira 20,000 aka fara tsokanarsu da 'yan ɗari biyu. Ba a yi mako biyu ba Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dakatar da shirin, adashi ya ci gaba. Shi kansa Malam Umaru ai An Ce ta taɓa kashe shi tun yana takara. A watan Maris na shekarar aka kai shi asibiti a Jamus, gari ya ɗauka ya rasu, har sai da Obasanjo ya kira shi a waya a gaban taron kamfe a Abekuta, ya kara wayar a lasifika ya tambaye shi wai ya mutu ne, shi kuma ya amsa yana dariya. Ya hau mulki ya yi kusan shekara uku, sai ranar 5 ga Mayu 2010 wa'adi ya cika. Allah Ya jiƙansa.

Akwai labari ɗaya da na tsallake da gangan, don shi ba na dariya ba ne, kuma saboda shi na ɗauki biro. A 2003 An Ce ta zagaya gida-gida cewa ɗigon riga-kafin shan inna an zuba masa maganin hana haihuwa, duk yarinyar da aka ɗiga wa ba za ta haihu ba. Iyayenmu ba wawaye ba ne da suka tsorata, ruwa ba ya tsami banza. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan Dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Ga kuma tambayar da mata suke yi, wadda take da ma'ana: me ya sa maganin zazzaɓi sai ka saya, wannan kuwa ake bin ka da shi har ɗaki kyauta?

Gwamnatin Kano ta dakatar da ɗigon wajen shekara guda, aka yi gwaje-gwaje, aka koma sayo maganin daga Indonesiya, sannan aka ci gaba a ƙarshen Yulin 2004. Amma maganar ta riga ta zauna a zukata. Mai ɗigo tana sallama, ana tura yara ƙarƙashin gado ko a haura da su katangar maƙwabta. A 2002 yaran da cutar ta kama a Nijeriya wajen 200 ne, a 2006 sun haura 1,000, mafi yawansu a Arewa. Daga nan cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiyar.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, kuma muna ganinsu. Yaran nan yanzu sun haura shekara ashirin, suna nan a unguwanninmu a kan keken hannu. 'Yammatan da aka ɗiga wa maganin kuwa, waɗanda aka ce ba za su haihu ba, ga su nan da goyo da ciki, mu muke zuwa sunan. Wanda ya fara faɗin maganar a majalisa ya kaɗe rigarsa ya tafi. Uwa ita aka bari da goyon ɗan shekara bakwai zuwa makarantar allo, ita ce kuma take kwana tana tunanin wa zai auri 'yarta.

Sai da sarakuna da masu unguwanni da malamai suka tashi tsaye, su kansu waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa bin gidaje suna cewa a dube su, sannan aka shawo kan abin. Mata masu ɗigo sun sha zagi da kora, har tara daga cikin ma'aikatan aka harbe a Kano a watan Fabrairu na 2013. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a 2014 ne, na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Ɗigon bai tsaya ba, don akwai wani nau'in da yake ɓullowa a inda yara da yawa ba su samu riga-kafi ba.

To 'yar uwa, kin ga lambar mutuwa da maganar ɗigo duk tasha ɗaya ce ta watsa su, da murya ɗaya, da rantsuwa iri ɗaya. Ranar da labari ya shigo, ba ya zuwa da tambari a goshi cewa ni na dariya ne ko ni na kuka ne. Kuma tashar ba ta rufe ba, ƙaura ta yi ta koma cikin wayar da ke hannunki. Ko kin manta daren nan na Agustan 2014 da aka tashe mu da kira cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola? An wayi gari mutane a asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Yanzu kuma dillaliya ba ta bukatar saka mayafi, saƙon murya take turowa a WhatsApp, ta rufe da cewa don Allah a tura wa duk wanda ake ƙauna.

Ni dai shawarata ba ta da tsawo. In an ce miki "an ce", ki tambaya, wa ya ce? In aka ce ƙanin mijin wata ne, to ki ci gaba da tankaɗenki. In kuwa maganar ta shafi lafiyar ɗanki ce, ki saka mayafi ki je asibiti ki tambayi ma'aikaciyar jinya ido da ido, in ba ki gamsu ba ki tambayi ta biyu, matambayi ba ya ɓata. Sauran kuwa mu yi dariyarmu, don mu ma 'ya'yanmu suna nan suna tara tamu. Ranar da za su ba da labarin canjin kuɗi na 2023, yadda uwargida da kuɗinta a banki ta wuni a layin mai POS tana roƙon dubu biyu, wallahi sai sun riƙe ciki.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Taku har kullum.